Humus a cikin burodi

Akwai abincin da ake yanke shawarar ci da rana, a ci shi da maraice. Humus ba ya cikinsu: wanda ke son ya tafi aiki da shi gobe, tun daren yau zai jiƙa ƙwayarsa. Abinci ne na ƙasashen Sham, wato Labanan da Siriya da Falasɗinu da Jodan, kuma a kantunan ƴan Labanan na Yamai na fara saninsa, cikin gwangwani mai tsada. Shekaru ke nan da na koma yin sa da hannuna, ina shafa shi a burodi ranakun da darasi ke riƙe ni a makaranta har bayan azahar.

Da Larabci, kalmar humus sunan ƙwayar ce kanta, wadda Faransawa ke kira pois chiche, mutanen Sudan kuma kabkabe. Tana kama da gujiya, sai dai tana da ɗan tsini kamar bakin tsuntsu. Cikakken sunan abincin shi ne humus bi ɗahina, ma'ana wannan ƙwaya haɗe da niƙaƙƙen riɗi. Shi ya sa idan wani ya ce mini ya yi humus da wakenmu, nakan ce ya yi abu mai daɗi, amma ya sama masa wani suna, don ba a kunun gyaɗa babu gyaɗa.

Ga yadda nake yi. Kofi 1 na busasshiyar ƙwaya zai kwana cikin ruwa, ya wayi gari ya ninka girmansa. Sai a dafa shi da ƴar kanwa, wadda ke yin aikin da bikarbonat ke yi a ɗakunan girkin Bairut: tana sassauta ɓawo, ta rage lokacin dahuwa. Dahuwar ta kai idan ƙwaya ta narke tsakanin yatsu biyu ba tare da ƙarfi ba. Daga nan a murje cikin ruwa, ɓawon ya taso a tsiyaye shi, kamar yadda mata ke yi wa waken ƙosai. Aiki ne mai cin rai, amma daga gare shi laushin ke zuwa. A daka da sauran zafinta, domin in ta huce takan yi tsaki-tsaki.

Ɗahina kuwa ba ta wuce riɗinmu ba, wanda ake nomawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, a fitar da shi ƙasashen waje ɗanye cikin buhu, mu kuma mu sayi na kwalba da tsada. Nakan soya shi sama-sama, kada ya yi ja ya yi ɗaci, in daka har mansa ya fito. Cokali 4 nake zubawa a kwano, da ruwan lemun tsami 2 wanda aka jiƙa dakakkiyar tafarnuwa a ciki don tsamin ya karya mata kaifi, da gishiri. A nan ne baƙon hannu ke tsorata, domin da lemun ya taɓa ɗahina sai ta dunƙule kamar ta ɓaci. A ci gaba da juyawa ana ɗiga ruwan sanyi, za ta sake, ta yi fari, ta yi sulɓi. Sannan a haɗa da dakakkiyar ƙwayar.

Mutanen Sham da burodinsu mai faɗi, mai aljihu a ciki, suke ci. Ni dogon burodin da Faransawa suka bar mana nake tsagawa, in rage masa ciki, in shafa humus da kauri a ɓangarorin biyu don ruwan tumatir kada ya jiƙa shi. A kai sai tumatir da kokwamba da albasar Galmi, da ɗigon man zaitun in akwai. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: humus ba ya jure zafi. A watan Afrilu, inda babu firigo, abin da aka haɗa da safe a cinye shi da hantsi.

A can inda ya fito, ana jayayya a kan mai shi. A 2008 ƙungiyar masu masana'antu ta Labanan ta nemi a amince da humus a matsayin abincin ƙasarta, don kamfanonin Isra'ila na sayar da shi a duniya. A watan Mayun 2010 masu girkin Labanan suka haɗa kilo 10,452 a kwano guda, adadin da ya yi daidai da faɗin ƙasarsu a murabba'in kilomita. Ban ga abin dariya a nan ba. Mutanen da ke tsoron a raba su da sunan abincinsu suna da hujjar tsoro.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne ga abin da aka saya a gwangwani. Abin da hannu ya koya kuwa yakan zauna a gida, ƴaƴa su gani su ɗauka. Hakkin masu shi a kaina shi ne in kira shi da sunan da suka raɗa masa, in kuma faɗa wa duk wanda na gutsura wa daga inda ya zo.