Dattijon Amurka Da Ya Zo Koyon Sarewa

Yau ina so in ba ka labarin wani mutum. Sunansa Yusef Lateef, wato Yusufu Latifu in an faɗa da bakinmu. Mabushi ne, kuma mai tsara kiɗa. A Amurka aka haife shi, a can kuma ya rasu. Amma ya yi shekara 4 a ƙasar Hausa, a birnin Zariya. Abin da ya kawo shi Zariya shi ne ya sa na ga ya kamata ka san shi.

Na san abin da wani zai ce. Malamin yaƙi da jahilci na Bawdeta, me ya haɗa shi da zancen mabusa? To, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Ba zan ce ka ajiye hauya ka ɗauki algaita ba.

An haifi Yusufu ran 9 ga watan Oktoba na 1920. Baƙin mutum ne kamarmu. Sunansa na yanka Wiliyam. Yana ƙarami iyayensa suka koma Ditroyit, babban birnin da ake ƙera motoci. A nan ya tashi, a nan ya koyi busa saksafon. Saksafon wani ƙaho ne na jan ƙarfe mai maɓallai da yawa, ana dannawa da yatsu. A 1949 ya shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie, wanda yake cikin manyan mabusan wannan zamani. A wajajen 1950 ya karɓi Musulunci ta hannun jama'ar Ahmadiyya, ya ɗauki sunan Yusufu.

Irin kiɗan da suke yi ana ce masa jaz. Baƙaƙen Amurka ne suka fara shi, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka aka ƙetare teku da su. Ga yadda ake yin sa. Makaɗa da mabusa sukan fara da take guda wanda duk suka sani. Sa'an nan sai ɗaya ya fito shi kaɗai, ya yi ta juya taken yadda zuciyarsa ta ba shi, sauran suna riƙe masa kiɗa. In ya gama, wani ya karɓa. Kai da ka taɓa zama wurin mai goge da masu ƙwarya, wannan ba baƙon abu ba ne gare ka. Shi Yusufu kuwa ba ya son a ce wa aikinsa jaz. A ganinsa sunan yana ƙasƙantar da aikin. Shi dai cewa yake, busa ce mai fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa.

Mabusa da yawa sukan tsaya kan abu guda. Yusufu bai tsaya ba. Bayan saksafon ya koyi sarewar Turawa ta ƙarfe. Ya koyi obo, wadda take ƴar'uwar algaita ce. Ya nemo algaitar Indiya, da wata sarewa mai kara biyu ta mutanen Masar, da ƴar sarewar yumɓu ta mutanen Sin. Duk inda ya ji murya mai daɗi sai ya tambaya, da me aka yi ta, yaya ake riƙe ta.

A 1957 ya fara fitar da faya-fayai da sunansa. Faifai shi ne farantin nan baƙi da ake ɗora wa garmaho, kafin zuwan kasat da salula. Cikin wani faifai na wannan shekara, har kwalbar lemo da balan-balan shi da abokansa suka sa cikin kiɗa. A 1961 ya yi faifan da ya fi yin suna, mai suna "Eastern Sounds", wato muryoyin gabas. A cikinsa ya busa sarewar yumɓun nan. Ya yi aiki da Charles Mingus. Daga 1962 zuwa 1964 kuma yana ƙungiyar Cannonball Adderley. Waɗannan duka manya ne a wannan sana'a.

To, ga inda nake so ka tsaya ka duba. Mutumin da ya yi suna haka, da ya ga dama sai ya ce ya gama. Sai ya koma makaranta a birnin Niyu Yok, ya zauna benci ɗaya da samari sa'o'in ɗiyansa. A 1969 ya sami digirinsa na farko. A 1970 ya sami na biyu. A 1975 ya sami digirin dakta a jami'ar Masacusat. Abin da ya rubuta don samun wannan digiri kuwa a kan ilmi ne, ya gwada tsarin ilmin Turawa da na Musulunci.

Ɗauki alli mu yi lissafi tare. Rubuta 1969, ka ɗebe 1920. Saura 49. Rubuta 1975, ka ɗebe 1920. Saura 55. Ka gani? Yana bakin shekara 50 ya sami takardarsa ta farko. Ta uku kuwa sai da furfura ta kama shi.

Na kawo maka wannan lissafi ne don abin da nake gani kowace rani. In an gama girbi muka buɗe aji, mutane sukan cika wuri. Bayan mako uku ko huɗu sai magidanta su fara janyewa. In na bi mutum gida na tambaye shi, ba ya cewa karatun ne ya yi wuya. Cewa yake, "Malam, ni da ƴaƴa da surukai, in tsaya gaban allo ina a, ba, ca, yara suna leƙe ta danga?" Mata ma haka, wata tana jin nauyin kishiya, wata tana jin nauyin surukarta. Kunya ta fi rashin fitila da rashin alli kore mana mutane. Hausawa kuwa sun ce gemu ba ya hana ilmi.

Mu koma kan Yusufu. A 1981 yana da shekara 60, ya tattara kayansa ya zo Najeriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ɗauke shi aikin bincike, a cibiyarta ta nazarin al'adun ƙasar. Zariya ba ta da nisa sosai da mu. In ka ƙetare iyaka ka wuce Katsina, ka bi ta Funtuwa, ka isa. Ya zauna can har 1985. Ka san abin da ya fi sa wa ido? Sarewa. Sarewar nan dai ta makiyaya, wadda yaron Fulani yake busawa bayan shanu. Ɗan kara ne ko ɗan itace mai rami, da ƴan huji kamar huɗu. Mu nan ko kallonta ba mu yi. Shi kuwa dakta ne, ya busa a manyan biranen duniya, amma ya zo neman sanin yadda ake yin ta da yadda ake busa ta. Wa zai koya masa in ba masu ita ba? Masu ita kuwa galibi ba su taɓa shiga lakwal ba.

Zamansa na Zariya ya bar abin da za a taɓa da hannu. A 1983 ya yi faifai tare da makaɗan cibiyar, ya sa masa sunan Hausa, "Hikima". A wannan shekara kuma ya je Legas ya ɗauki wani tare da masu ganguna na Najeriya. An fitar da shi a 1985 da sunan "In Nigeria", wato a Najeriya. Bayan haka shi da wani malamin jami'ar, Ziky Kofoworola, suka rubuta littafi da Turanci a kan kiɗa da wasannin Hausawa. An buga shi a 1987.

Da ya koma gida bai zauna ba. A 1987 ya fitar da faifan "Little Symphony", wanda shi kaɗai ya yi dukan kiɗan da busar da ke ciki. Za ka ce yaya mutum guda zai yi haka? Yakan busa abu ɗaya, na'ura ta ɗauka. Sai ya saurara, ya busa na biyu a kai, sa'an nan na uku, har su haɗu kamar taron mutane. Wannan faifai ya ci masa kyautar Grammy a 1988, babbar kyautar makaɗa ta Amurka. A 1992 ya kafa kamfaninsa na buga faya-fayai. Ya ci gaba da koyarwa da tsara kiɗa har tsufa. Ya rasu ran 23 ga watan Disamba na 2013, yana da shekara 93.

Ya kai ɗan'uwa, abin da ya dame ni shi ne wannan. Littafin kiɗan Hausa yana nan da Turanci, a ɗakunan karatu na nesa. Mu masu abin kuwa akwai abubuwa da yawa da ba mu rubuta ba. A ƙauyukanmu na ƙasar Tasawa da Mayahi, kowace sana'a da kiɗanta. Manoma suna da gangar noma ran gayya. Mahauta suna da kalangu. Mata suna da shantu da ƙwarya. Sarki yana da tambari da kakaki da algaita. Yanzu ran biki sai a ɗauko lasifika a haɗa da salula. Tsohon da ya san taken kowane gida yana zaune a zaure, ba mai tambayarsa. Ran da ya tafi, ya tafi da su.

Kada ka ce sai baƙo ne ke iya wannan aiki. A ƙasarmu ta Nijar an yi Malam Maman Barka, malamin makaranta ne kuma gwanin gurmi. Ya ji labarin biram, abin kiɗa mai tsirkiya 5 na masuntan Buduma a tafkin Cadi, saura tsoho guda ya iya shi. A 2002 ya tafi wurin tsohon ya zauna ya koya. A 2009 ya fitar da faifan biram wanda aka ji har ƙasashen Turai. Ya rasu a 2018, amma muryar biram tana nan a ɗauke.

Wani zai ce kiɗa aikin maroƙa ne, ɗan mutunci ba ya shiga. Wani zai kawo maganar addini. Wannan magana ta malaman addini ce, kowa ya tambayi malaminsa. Shi kansa Yusufu ya kai lokacin da ya daina busa a gidajen da ake sayar da giya. Ni abin da na ɗauka daga gare shi hali ne. Ya iya abu, bai raina wanda ya iya wani abu dabam ba. Ya girma, bai ji kunyar tambaya ba.

Ga aikin da nake roƙon ka. Ka sami ƴar takarda da fensir. Ka je wurin wani tsoho makaɗi ko mabushi na garinku, ko makiyayi mai sarewa. Ka gaishe shi da ladabi. Ka tambaye shi sunan abin kiɗansa, da icen da ake sassaƙa shi, da fatar da ake ɗaura masa. Ka tambaye shi wurin wa ya koya, kuma a wane taro ake kaɗa shi. Ka rubuta amsar da hannunka, ko da layi 5 ne. In ke mace ce, ki tambayi tsofaffin gidanku zancen shantu da waƙoƙin daka. In baƙi ya ɓace maka, ka kawo wa malamin ajinku ku gyara tare. In kowane ɗalibi ya kawo shafi guda, kafin damina ta faɗi garinku ya sami littafinsa.

Kai kuma da ka bar aji don kunya, bencinka yana nan ba wanda ya zauna. Ka zo da dare ko da rana, yadda aka shirya a garinku. Allah ya buɗa mana ƙwaƙwalwa, ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.