Kanbata Bisa Kanbata a Fadamar Jahun

Abincin shagon hoton Kawu a Jahun yana fitowa ne daga hoton fasfo, da na ɗaliban da suka gama firamare, da na 'yan mata ranar Salla da sabon ɗinki. Tsuntsu bai taɓa sayo mana ko mudun gero ba. Amma da zarar kaka ta wuce, ruwan ambaliya ya ja da baya ya bar tafkuna a tsakanin jigayi, sai hankalin Kawu ya bar shago. Dinya da kirinjijiya da zalɓe 'yan gida ne, mun saba da su. Masu hana shi barci su ne baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai da Rasha su yi hunturu a fadamun Kogin Haɗeja: ƙananan agwagi, da wasu masu dogayen ƙafafu da ke sauka garke-garke a gonakin shinkafa suna tsintar abin da ya zube bayan girbi. Wani lokaci masunci kan kawo masa zoben ƙarfe da ya cire daga ƙafar tsuntsu, da lambobi da rubutun boko a jiki.

A 1987 aka soma aikin kare dausayin Haɗeja da Nguru, masu ƙidayar tsuntsaye suka riƙa zuwa cikin sanyi. A wajen dausayin Baturiya Kawu ya ga wani Bature da lensin da ya fi kamu guda tsawo, wanda ba ya ɗaukuwa sai a kan ƙafa uku. Ya dawo gida bai da zance sai shi. To amma shekara guda kafin nan gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, naira tana ta zubewa, irin wannan lensi ya fi ƙarfin mai shago a ƙauye ko da zai sayar da gonar gado.

Abin da Kawu yake da shi kyamara ce Zenit ta Rasha, mai nauyi da ƙarar tsiya, da lensi Jupiter mai milimita 200. Sai ya shiga Sabon Gari a Kano, wurin masu kayan hannu, ya sayo kanbata, wani guntun bututu mai gilasai a ciki da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da lensi ya ninka nisan gani. Guda ɗaya ta mai da 200 ta koma 400. Bakin Zenit kuwa mai zare ne, irin na Praktica da tsohuwar Pentax, murɗawa kawai ake yi, saboda haka ba abin da zai hana a murɗa wata kanbatar a bayan ta farko. Da kuɗin hoton Salla suka shigo ya ƙaro ta biyu, Vivitar, muka kai 800. Daga baya har ya samo mai ninki uku, wadda in an haɗa ta da mai ninki biyu ake kai 1200.

A kan takarda mun kamo Bature har mun wuce shi. A bakin tafki ne lissafin ya nuna ɗaya fuskarsa. Kanbata ba ta jawo tsuntsu, ba ta ƙara wa lensi ko ɗigon gani. Tsakiyar hoton da lensi ya riga ya kamo take ɗauka ta shimfiɗa shi ya cika fim, kamar mai ƙara ruwa a kunu: kwano ya cika, garɗi ya ragu. Mai ninki biyu tana barin kashi ɗaya cikin huɗu na hasken. In ka ɗora biyu, saura ɗaya cikin 16. Biyu da uku kuwa, ɗaya cikin 36. Da kanbata biyu masu ninki biyu, lensin da ke buɗewa zuwa f/4 sai ya koma f/16, alhali a buɗe yake har ƙarshe, wato a inda ya fi kowane wuri rashin kaifi.

Nan ne wahalar take. Ƙa'idar masu hoto ita ce, lensi mai milimita 800 yana son a buɗe a rufe cikin kashi ɗaya bisa 800 na daƙiƙa, in ba haka ba rawar hannu ta ɓata hoton. Zenit ba ta wuce ɗaya bisa 500. Fim ɗin da aka fi samu, mai lamba 100, a f/16 ba ya ba ka fiye da ɗaya bisa 125, shi ma sai rana ta take tsaka. Da tsakar rana kuma ƙasa ta ɗau zafi, iska tana rawa a kan ruwa, kanbata ta kama wannan rawar ta ninka ta huɗu. Da sassafe, lokacin da iska take kwance tsuntsaye suna kiwo, babu haske. Ga hazon hunturu, wanda yake zuwa daidai da zuwan baƙin. Mai lamba 400 yakan ɗan taimaka, sai dai tsada, kuma hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa.

Aikina shi ne ɗaukar buhu. Mukan cika rabin buhu da yashi mu kwantar da lensi a kai, don ƙafa ukun shago ba ta iya riƙe wannan dogon jeri, zaren yakan ɗan yi lilo a kowace mahaɗa. Kawu ya kwanta rub da ciki ya lulluɓe kansa da babbar rigarsa, saboda tagar leƙawa ta yi duhu ƙwarai, da kyar ake gane ko saiti ya zauna. Neman tsuntsun ma aiki ne: a 800 abin da kake gani ɗan fili ne ƙanƙani, ka kauce kaɗan ka tsinci kanka a kan bishiyar ƙetare. In ya samu sai ya ce, "Yaro, kar ka motsa, kar ka yi tari." Ya ɗauke numfashi ya latsa igiyar ɗaukar hoto. Madubin Zenit ya buga ƙwas, har a buhun nakan ji girgizar.

Fim mai launi sai Kano ake wankewa. A ba direba, a yi ta jira. In ambulan ya dawo, cikin hotuna 36 wani lokaci rabi ma masu wankin ba su buga ba, sun ɗauka lalacewa suka yi. Waɗanda suka fito, balbela tana da shuɗin kwalli a gefen fuka-fuki, ruwa da sama sun haɗu sun zama toka.

"Kawu, wannan dinya ce ko kututture?"

"Kai ɗan nan, kututture ne yake da jan baki? Je ka ɗauko mini gilashin karatu."

Akwai wani tsohon masunci daga wajen Harbo da ya gaji da kallonmu. Wata asuba ya sa mu cikin kwalekwale ya rufa mana ciyawa, ya yi ta turawa a hankali da gora, yana bin iska ta yadda ƙarar ruwa ba za ta riga mu isa ba. Ya ajiye mu kusa da garken kirinjijiya har muna jin kukansu a kunne. Ranar babu kanbata ko ɗaya, Jupiter ce tsirararta, kuma hoton da ya fito shi ne mafi kyau da shagon ya taɓa yi, ana iya ƙirga gashin wuya. Kawu ya manna shi a bango, amma bai taɓa sonsa kamar dusassun nan nasa ba. Cewa yake wannan hoton masunci ne, shi latsawa kawai ya yi. Na daɗe ina ganin taurin kai ne. Yanzu da na kai shekarunsa ina ganin yana da hujja, don mutum yakan fi ƙaunar abin da dabararsa ta ba shi, ko da ba daɗi.

Yau ba mai bukatar wannan wahala. Kanbatocin Canon na yanzu ma gilashinsu na gaba a turo yake, ba sa hawa kan juna sai an sa zobe a tsakani. Nikon ta fitar da P900 a 2015 mai kai daidai da milimita 2000, sannan P1000 a 2018 mai kai 3000, duk a kyamarar da yaro zai rataya a wuya. In matashi ya tambaye ni, nakan ce kanbata guda mai ninki 1.4 a kan lensi nagari ta isa, don rabin haske kawai take ci, sauran kuɗin ya ba mai kwalekwale. Hazo dai da rawar iska suna nan yadda muka bar su, ba kamfanin da ya yi musu magani.

Abin da ya sauya shi ne ruwan. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jigawa. Kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani sai ya koma ana sako masa ruwa kusan duk shekara, kuma abin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da gonaki, ta zama makwancin jan baki mai cinye wa manoma shinkafa. An sa Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar a 2008, amma masunci ba ya jefa koma a cikin takarda.

Shi ya sa hotunan Kawu suka sami masu nema da bai taɓa zato ba. Bara wasu dattawa biyu suka zo gida suka ce a fito musu da akwatin hotunan. Ba wanda ya dubi tsuntsu a cikinsu. Bayan tsuntsun suke dubawa, shimfiɗaɗɗen ruwa da inuwar wata tsamiya a ƙetare, suna gardama a kan inda mashigi yake a da, da wanda ubansa ke kafa mali a wurin. Kanbata kuwa tana matse nisa, abin da ke can baya ya zo ya manne da na gaba, don haka kowannensu ya ga tsamiyar a inda yake so. Na yi musu bayanin haka, ba wanda ya yarda. Kowa ya ce a buga masa nasa, ga shi danshi ya cinye fim ɗin tun tuni, sai da waya na ɗauki hoton na tura wa 'ya'yansu.