Daren Da Muka Bi Jagoran Mashaya A Landan

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, mun daɗe muna jujjuya wannan labari, muna shawarar ko mu faɗa ko mu bar wa cikinmu, domin ba labarin da zai ƙara mana daraja ba ne. Abin da ya rinjaye mu shi ne ganin yadda tafiya ƙasashen waje ta yawaita a tsakanin 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu. Wani ya nufi Dubai, wani Sin, wani Turkiyya, wani kuwa an tura shi kwas Ingila. Ramin da muka faɗa yana nan a buɗe, kuma wanda ya fito daga rami, haƙƙi ne a kansa ya yi wa na baya kashedi.

Mu uku ne, dukanmu mutanen Kajiji, garin nan da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Biyu daga cikinmu ma'aikatan gwamnati ne, aka tura mu kwas na mako biyu a Landan a ƙarshen watan Yuni na 2019. Na ukunmu dattijo ne, Alhaji, mai fataucin fatu da ƙiraga, ya zo ganin likitan ido, ya ce ba inda zai sauka sai otal ɗin da 'ya'yan garinsu su ke. Da shi da mahaifanmu sahu ɗaya su ke tsayawa a masallaci.

Wanda bai taɓa zama a Turai da rani ba, da wuya ya gane irin kaɗaicin da ke cikin yammacinta. Ƙarfe biyar an tashi daga karatu, rana kuwa ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Babu majalisa, babu teburin mai shayi, babu maƙwabcin da zai yi maka sallama. Mutum ya kwanta ya tashi, ya kalli bango, ya leƙa taga, ya dubi agogo, ya ga har yanzu da sauran rana. Muka yi kwana takwas a haka. Ranar Asabar da la'asar muka ga wata takarda mai launi a teburin karɓar baƙi, tana tallar zagayen dare tare da jagora a unguwar Shoreditch da ke gabashin birnin, kowane mutum fam 15.

A nan ne za mu faɗi abin da ya fi yi mana nauyi. Mu biyun nan mun iya Turanci. Mun ga kalmar mashaya a jikin takardar ƙuru-ƙuru, mun kuma san ma'anarta. Amma sai muka ce wa juna ai lemo za mu sha, ganin gari kawai za mu yi, tafiya kuwa mabuɗin ilmi ce. Da Alhaji ya tambaya mene ne a rubuce, sai muka ce masa yawon ganin gari ne da dare. Ya ce to, a je a ga ikon Allah. Ya sa babbar rigarsa da hularsa, ya ma biya mana kuɗin.

Bari mu bayyana yadda abin ya ke, domin 'yan kasuwa za su gane shi nan take. Wani kamfani ne ke shiryawa da mashaya huɗu ko biyar. Ya tara baƙi, yawancinsu samari da 'yan mata masu yawon buɗe ido, ya karɓi kuɗinsu, ya ɗaura wa kowa wani siririn awarwaro na takarda a hannu. Da wannan awarwaro a ke shiga kowane gida ba tare da an biya kuɗin ƙofa ba, a kuma ba mutum ɗan ƙaramin kofi na barasa mai ƙarfi kyauta. Ba a cika sa'a guda a wuri ɗaya sai jagora ya ɗaga murya a tashi a nufi na gaba, a ƙare a gidan rawa bayan tsakar dare. Mai mashaya ya sami masu saye, kamfani ya sami la'adarsa. Watau jagoran nan dillali ne, hajar da ya ke kaiwa kasuwa kuwa ita ce mutanen da ke biye da shi. Kyautar ɗan kofin nan tsaba ce da a ke watsa wa kaza.

Ƙarfe takwas muka haɗu da ayarin, mutum kamar talatin, jagoransu wani saurayi mai fara'a da saurin baki. Gidan farko da muka shiga, kiɗa ya cika kunne, tsamin giya ya cika hanci. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube mu da idonsa mai lafiya, ya ce, "Malam, wanga wuri ba namu na ba." Muka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ɗan hutawa za a yi, yanzu za a wuce ganin gari." Ƙarya ta biyu ke nan, ta kuwa fi ta farko sauƙin fita. Muka zauna a teburi ɗaya da mashayan, lemonmu a tsakiyar kofunansu. Aka miƙo mana kyautar barasarmu, muka tura wa wani saurayin Bature da ke gefenmu, yana godiya, mu kuma muna jin mun yi abin kirki.

Me ya hana mu tashi? Mun yi wa kanmu wannan tambaya ba sau ɗaya ba. An riga an biya kuɗi. Ba mu san hanyar komawa sosai ba. Amma babban dalili shi ne kunya, kunyar kada yaran da ba su san sunanmu ba su ɗauke mu ƙauyawa. Kunyar da ke tsare mu daga ɓarna a gida, ita ce ta juya ta zaunar da mu a cikinta.

Magariba ta same mu a gida na biyu. Mun ga lokacin a agogo. Mun san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya zaɓaɓɓen lokacin Magariba gajere ne, gwargwadon mutum ya yi tsarki ya yi sallar. Muka dubi juna, muka kau da kai. Ba wanda ya motsa. Can sai jagora ya ce kowa ya matso a ɗauki hoto, za a sa a shafin kamfanin na Facebook. Jama'a, sai ga mu mun zabura kamar an taka wutsiyar maciji. Ɗayanmu ya juya baya, ɗaya ya rufe fuska da hannu, Alhaji ya tuɓe hularsa ya cusa a aljihu. A cikin ƙiftawar ido kowannenmu ya hango hoton nan yana yawo a wayoyin mutanen Kajiji, ya hango surukansa, da ofishinsa, da masu ba Alhaji amanar dukiyarsu. Lokacin salla ya shige ba mu motsa ba, kyamara ta ɗago muka tashi tsaye. Duk abin da ya faru a daren nan babu wanda ya nuna mana matsayin imaninmu kamar wannan.

A ƙofar gida na uku akwai mai gadi, wani baƙin mutum ƙaƙƙarfa, yana duba awarwaron kowa. Da ya zo kan Alhaji sai ya dubi rigar, ya dubi furfurar, ya ce da Hausa, "Salamu alaikum. Baba, me ya kawo ku nan?" Ashe mutumin zangon Kumasi ne ta ƙasar Gana, kakansa bafatake ne daga ƙasar Hausa. Muka fara kame-kame, muna cewa lemo kaɗai mu ke sha. Ya ce, "Ni neman abinci ya tsayar da ni a ƙofar nan, kullum ina roƙon Allah Ya canza mini. Ku kuwa kuɗi kuka biya don ku shiga." Ba mu sami abin cewa ba. Ya tsinke awarwaron Alhaji da hannunsa, ya kwatanta mana hanya, ya ce idan muka yi sauri za mu sami Lisha a masallacin titin Brick Lane.

Tafiyar ba ta kai ta minti goma sha biyar ba. A kan titin muka wuce wani katafaren tsohon gini mai dogon bututu, wanda a da masana'antar giya ce ta Truman, aka rufe ta a 1989. Gaba kaɗan sai masallacin. Kiristocin Faransa da suka yi gudun hijira ne suka gina shi a 1743 don ibadarsu, daga baya ya zama wurin ibadar Yahudawa, sa'an nan a 1976 Musulmi mutanen Bangaladash suka mai da shi masallaci. Muka yi alwala, muna jin warin hayaƙi da giya a rigunanmu, muka yi Magariba a makare, muka bi jam'in Lisha. Da muka fito muka durƙusa muka gaya wa Alhaji gaskiyar abin da ke jikin takardar. Ya yi shiru har muka kai tashar jirgin ƙasa, sa'an nan ya ce ya yafe, amma ko takardar magani ba zai sāke ba mu mu karanta masa ba. Ya kuwa cika alkawarinsa.

Da muka komo gida muka kai maganar gaban malaminmu, muna ɗan fatan ya ce tun da ba mu sha ba, da sauƙi. Ya tuna mana cewa ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida umurnin da suka yi na nisantar giya ne, nisanta kuwa ta fi barin sha faɗi, kuma a nan ne aka ambaci yadda ta ke kange mutum daga ambaton Allah da salla. Ya ce ku da ba ku kurɓa ba ma ga shi ta kange ku. Ya kawo hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana mumini zama a teburin da a ke zagayawa da giya, da wanda ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kanta, cikinsu har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Ya ce, to kofin da kuka tura wa Baturen nan, wa ya shayar da shi? Game da hoto kuwa, ya ce mu koma mu karanta abin da hadisin Jibrilu ya faɗa a kan ihsani, mu ga idon wa ya kamata mu fara tunawa.

Kakanninmu sun fi mu tafiya, sun kuma fi mu daɗewa a hanya. Fataken da ke bi ta Jega su nufi Gwanja sayen goro sai su yi watanni a cikin ƙasashen da ba na Musulmi ba. Amma ba su fita sai da madugu wanda aka san halinsa, da jagaba wanda ya san hanya, da malami a cikin ayari. In sun isa, a zango su ke sauka, wurin mai masauki wanda ya san iyayensu. Sun san baƙo makaho ne ko da yana da ido, saboda haka su ke zaɓen wanda zai ja musu sanda. Mu kuwa muka miƙa sandarmu, da ta dattijon da ya amince da mu, ga yaron da ba mu san ko sunan ubansa ba, don kawai yana da takarda mai launi. Alhali kuwa daga garinmu zuwa Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ba wata tafiya ba ce.

Kada kuma wani ya zaci wannan yawo shi ne wayewar Turawa. Su kansu ya ishe su. A watan Oktoba na 2024 hukumar birnin Prague ta ƙasar Cek ta zartar da hana kamfanoni shirya irin wannan zagaye daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, saboda hayaniya da ƙazantar da ya ke jawo wa mazauna gari.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin tafiya, tun kana gida ka nemi sanin masallacin da ya fi kusa da masaukinka, da lokutan salla na garin, domin sun sha bamban da namu. Ka nemi 'yan'uwa Musulmi da ke zaune can, ka kai musu yammacinka, gama kaɗaici ne ƙofar da aka shigo mana ta ita. In za ka ga gari, akwai zagayen rana na gidajen tarihi da kasuwanni da bakin kogi, wanda ba ruwansa da mashaya. Kowace takarda aka miƙo maka ka tambayi ina za a fara, ina za a tsaya, ina za a ƙare. In abokan kwas ko abokan ciniki suka gayyace ka, ka faɗa musu tun farko cewa kai Musulmi ne, ba ka zama inda a ke sha. Mun gwada wannan a sauran kwanakinmu, ba wanda ya raina mu, wani ma haƙuri ya ba mu. Wanda kuma ya iya harshen ƙasar, ya sani amana ce a wuyansa ga wanda bai iya ba.

Alhaji na nan da ransa, idonsa ya warke. In muka gamu a kasuwar Kajiji mu kan durƙusa mu gaishe shi, ya amsa da fara'a, bai taɓa tayar da maganar ba. Mai gadin nan kuwa ba mu ko tambayi sunansa ba. Muna roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, Allah Ya musanya masa da sana'ar da ta fi wannan, Ya yafe mana abin da muka yi, Ya tsare matafiyanmu a inda ba wanda ya san su. Amin.