Da Wane Ma'auni Aka Auna Ka?

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma cikin duk aikin da nake ba ɗalibai babu wanda ya sanyaya mini zuciya kamar mayar da nisan rana zuwa mil ɗin Rumawa. Lissafin ba shi da wuya. Ƙafa ɗaya a awon Rumawa kusan santimita 29.6 ce. Ƙafa 5 ita ce taku guda, wato daga inda diddige ya tashi zuwa inda shi wannan diddigen ya sake sauka, kimanin mita 1.48. Taku 1,000 shi ne mil, kimanin mita 1,480. Da shi suka auna manyan hanyoyinsu, suna kafa dutse a kan kowane mil.

Masana falaki kuwa sun ɗauki tazarar da ke tsakanin duniya da rana a matsayin ma'auninsu, kuma a 2012 ƙungiyarsu ta duniya ta tsayar da shi a kan mita 149,597,870,700. In ka raba wannan da 1,480, sai ka sami mil ɗin Rumawa kusan miliyan 101, tafiyar da haske ke gamawa cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Wata yana nan kusa, mil 260,000 ko abin da ya yi kusa da haka. Tazarar ba ta sauya ba ko da ɗani guda, lambar ce kawai ke kumbura ko ta motse gwargwadon abin da aka auna da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin matuƙin jirgin ruwa Kolombus. Masanin falaki Alfargani, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta cewa digiri ɗaya na kewayen duniya mil 56 ne da biyu bisa uku. Mil ɗin Larabawa yake nufi, mai kusan kilomita 2. Kolombus ya ɗauki lambar daidai, amma ya lissafa ta da gajeren mil ɗin Rumawa, sai kewayen duniya ya fito masa kimanin kilomita 30,000 maimakon 40,000. Da wannan lissafin ya shiga teku a 1492 yana neman Asiya. Ba don nahiyar Amurka ta tare masa hanya ba, da guzurinsa da na mutanensa ya ƙare tun ba su ga tudu ba.

Na daɗe ina ɗauke da wani nauyi a ƙirjina. A wurin biki ko suna, wani ɗan'uwa zai dube ni ya ce, "Malam, har yanzu kana nan kana fama da alli?" Abokan karatuna sun gina gidaje, sun sayi motoci, ni kuwa albashina da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata. Maganar tana yi mini ciwo, har takan hana ni barci. Ranar da na fahimci kuskuren Kolombus sosai na gane cewa masu tambayata ba ƙarya suke yi ba, lambarsu daidai ce, ma'auninsu ne ba nawa ba. Mai sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba, shi ya sa yake tambaya kafin ya biya.

Yau ina da tsofaffin ɗalibai da ke duba marasa lafiya, da masu koyarwa, da masu riƙon amana a kasuwa. Da su nake auna shekaruna, kuma na gode wa Allah. Talauci bai daina ciwo ba, haƙƙin malami kuma wajibi ne a biya shi cikakke, amma na daina karɓar hukuncin da ba a faɗa mini ma'auninsa ba.

Ɗan'uwa mai karatu, duk ranar da aka ce maka an bar ka a baya, kada ka yi saurin karaya. Fara tambaya tukuna da wane ma'auni aka auna ka, kuma wa ya zaɓe shi.