Kek ɗin da na gasa lokacin da babu netwok

Yau ba saitin waya zan koya muku ba, labari ne na kawo.

Idan kuna Zamfara a watan Satumba na 2021, ba sai na tuna muku ba. Gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma kashe layukan sadarwa saboda matsalar 'yan bindiga. Mu nan Kaura Namoda wayar kowa ta koma tocila da agogo. Ba kira, ba WhatsApp.

A tsakiyar wannan hali ne ɗiyata ta cika shekara 7. Ba wani biki muke yi ba, kek kawai nake saya mata duk shekara mu ci a gida, na kuwa riga na yi mata alkawari. Mai yi min kek a Gusau take, ta WhatsApp muke ciniki, ta ba direba ya kawo. To ga shi babu hanyar nemanta, kuma ba zan tura kowa ya hau titi a kan kwaɗayi ba.

Abin kunyar shi ne na iya kek tun ina budurwa. Son jiki ne ya sa na watsar, tunda da saƙo ɗaya ake kawo min. Ko awon ma na manta.

Maƙwabciyata ce ta fitar da ni. Tana da wani tsohon bidiyo da ta sauke, ta turo min ta Xender, wanda dama ba ya buƙatar data. Ga awon, ku ajiye:

Bota giram 250, sukari gwangwanin madara ɗaya da rabi, fulawa gwangwani 3, ƙwai 5, bekin foda ƙaramin cokali 2, sai filebo kaɗan. Ni ƙwan zabi na samu wajen wata baƙuwa daga Shinkafi, tunda damina ce. Da yake ƙanana ne, 7 na fasa.

Na buga bota da sukari da muciya har suka yi fari, hannuna kamar zai cire. Na riƙa sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan na tankaɗe fulawa da bekin foda na juya a hankali.

Matsalar ita ce mai bidiyon oven gare ta, ni kuwa gawayi. Na raba kwaɓin biyu, na sa rabi a tukunya, na hura wuta sosai. Ƙasa ya ƙone ƙurmus, ciki ɗanye. Yarinya tana tsaye tana kallo, ba ta ce komai ba. Wallahi shirun nan ya fi min kuka ciwo.

Inna, surukata, tana zaune a tabarma tana lazimi. Daga wani ƙauyen Zurmi ta dawo wurinmu bayan an tashe su, kuma tun zuwanta ba ta cika magana ba. Sai na ji ta ce, "Ɗiyata, wutag ga ta yi yawa. Ɗebo min yashi."

Ta zuba yashi kamar kaurin yatsa biyu a gindin tukunya, ta bari ya yi zafi, ta ɗora kwanon kwaɓin a kai. Ta rage garwashin ƙasa, ta kwashi wani ta jera a kan murfi. Ta ce wuta sama, wuta ƙasa, kuma kada wanda ya buɗe. Matar da ba ta taɓa yin kek ba ke nan, amma ta shekara fiye da talatin a gaban tanda tana waina.

Bayan kamar minti 45 na soka tsinken tsintsiya mai tsabta, ya fito a bushe. Ƙamshi ya cika gida har yaran maƙwabta suka fara leƙe. Kek ɗin ya ɗan karkace, babu ado, babu rubutun suna. Ɗiyata ta yanka, ta fara kai wa kakarta. Ranar na fara jin dariyar Inna a gidan nan.

Netwok ya dawo daga baya, amma ban ƙara yin odar kek ba. Duk shekara ni ke kwaɓi, Inna ke kula da wuta.

Shawarata gare ku: duk abin da kuka koya a intanet wanda kuka san zai yi muku rana, kada ku bar shi a can. Ku sauke shi cikin waya, ko ku ɗauki hoton allon, ko ku rubuta a littafi. Sannan ku tambayi tsofaffin gidanku, akwai abin da babu shi a YouTube.

Wanda ya gwada ya ba mu labari. Allah Ya zaunar mana da Zamfara lafiya, amin.