Jumong a Gonar Shinkafar Kadawa

Mu huɗu muka shiga mota a tashar Unguwa Uku da safiyar wata Asabar, za mu raka abokin karatunmu gida. Ya daɗe yana yi mana gorin cewa mun iya cin shinkafa amma ba mu taɓa ganin ta a tsaye ba. Muka miƙi hanyar Zariya, muka wuce Kura da injinan casarta, ba mu cika awa guda ba sai ga mu a Kadawa.

Abin da ido ya fara cin karo da shi ruwa ne, yana tafiya a hankali cikin babbar hanyar da manoma ke kira kanal. Daga dam ɗin Tiga yake fitowa, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa ta fitar da kai ta fara ja, iya ganinka.

Muna tafiya a kan kunya sai muka ji an ƙwala kira: "Jumong! Ga su nan ta gabas!" Wani saurayi ya zabura da danƙon harbi a hannu, ya ja igiyar da aka jera wa gwangwanaye, garken jan-baki ya tashi kamar hayaƙi. Ashe ƙanen abokinmu ne, ɗan aji biyu na babbar sakandare. Laƙabin ya samo shi ne saboda ba ya kuskure in ya saita. Wanda bai sani ba, Jumong shiri ne mai kashi 81 da tashar MBC ta Koriya ta Kudu ta fara nunawa a 2006, labarin gwanin baka da kibiya da ya kafa daular Goguryeo. Da yawanmu a kan cinyar yayyenmu muka fara kallon sa.

Wannan suna ya ja mu ga wata tambaya da muka yi ta yi wa duk wanda muka haɗu da shi ranar: in an ce Koriya, me ke fara zuwa maka a rai?

Mai shayin bakin titi ya ɗaga tsohuwar wayarsa ya ce Samsung. Wani direba ya ce Kia da Hyundai. Ƙanwar abokinmu, wadda wayarta ke cike da finafinansu, ta ce tsafta da gayu da fata mai sheƙi, har ta tambaye mu ko akwai man da suke shafawa. Muka ce mata fitilar ɗaukar hoto da hoda ma suna nasu aikin. Mahaifinsu kuwa ya ce, "Ba su ne 'yan Sin ba?" Da muka ce ƙasa ce daban da harshenta da rubutunta, sai ya ce, "To, Allah mai iko," ya ci gaba da wasa laujensa. Mu ma da muka tambayi kanmu, amsarmu ba ta wuce BTS da Squid Game ba. Babu wanda ya ambaci gona.

Da azahar muna cin dafa-duka a inuwar darbejiya, sai Jumong ya faɗi abin da ke ransa. "Yaya, ni fa na gaji. In aka yi girbin bana zan bar makaranta in tafi Kano, akwai mai shagon waya a Farm Centre da zai ɗauke ni. Ku dubi Koriya, kun taɓa ganin mai taka laka?" Baba na jin sa, bai ce uffan ba. Mun so mu yi dariyar cewa zai gudu daga gona ya faɗa kasuwar da sunanta ma na gona ne, amma fuskarsa ba ta wasa ba ce.

Ɗaya daga cikinmu da ke karanta aikin gona shi ya karɓi zancen. Ya ce a harshensu kalmar "bap" tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci gaba ɗaya, kamar yadda muke cewa mutum ya fita neman na tuwo. Shi ya sa a finafinan nan ake yawan gaisawa da "ka ci abinci?" Gaisuwar mutanen da suka san yunwa ce. Bayan yaƙin da aka yi daga 1950 zuwa 1953, shinkafa ba ta isar su. Daga 1969 gwamnati ta hana gidajen abinci sayar da ita da rana a ranakun Laraba da Asabar. A makarantu kuwa, malami kan bi teburi-teburi lokacin cin abinci yana buɗe kwanon kowane ɗalibi, ya ga ko an gauraya shinkafar da sha'ir. In fara ce zalla, yaro ya shiga uku.

Nan Jumong ya ajiye cokali.

Abin da ya fitar da su, in ji abokin namu, wani iri ne mai suna Tongil da masanansu suka samar tare da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin. An baza shi ga manoma daga 1972, daidai shekarun da ake gina Tiga. Yana ba da yabanya sosai, amma mutane ba sa son ɗanɗanonsa, har sai da malaman gona suka riƙa matsa wa manoma kafin su shuka. Zuwa 1977 ƙasar na ciyar da kanta da shinkafa, aka ɗage dokar Laraba da Asabar. Baba ya gyaɗa kai ya ce ya san wannan rigimar, don shi ma ya taɓa shuka irin da ya cika buhu amma matan da ke turarawa a Kura suka ƙi saya da daraja.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun tashi muna jin mun yi wa yaro wa'azi. Sai dai akwai ragowa, kuma ɓoye ta rashin adalci ne. Matasan ƙauyukan Koriya sun yi abin da Jumong ke son yi: sun bar gona sun cika masana'antu, yau kusan rabin mutanen ƙasar a Seoul da kewayenta suke, manoman da suka rage yawanci tsofaffi ne. Shinkafar ma sun rage ci, daga kilo 136 ga mutum guda a 1970 zuwa kusan 56 a 2023. Bambancin da muka iya nuna masa ɗaya ne: waɗancan yaran da ake buɗe wa kwano a aji suke zaune lokacin da ake buɗewa, kuma su ne suka girma suka ƙera wayar da yake son ya je ya sayar.

Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya tambaya ne kawai, "To wanda aka kama da farar shinkafa, me ake yi masa?" Abokinmu ya ce faɗa, wani lokaci har a rage masa maki. Ya yi dariya ya ce da a nan ne, duk ajinsu sai an kama.

Kafin mu ƙara magana, ƙanwarsa ta nuna bakin kanal. Jan-baki sun dawo, sun fi na safe yawa. Ya suri danƙonsa ya ruga, laka na fallatsa har bayan rigarsa, Baba na bin sa da ido.