Furar kaka da aikin likita

A garinmu Madarunfa, in mutum ya kwanta ciwo, ba a barin shi da yunwa. Wannan ta aiko da fura, waccan ta aiko da kunu. Al'ada ce mai kyau. Amma akwai rana guda da abinci yake zama haɗari ga maras lafiya: ranar da za a yi mashi aiki a likita.

Ina aji huɗu ƙaba ta fito mini. Hanji ne ke turowa ta wata kafa a ƙasan ciki. Majo ya duba ni, ya ba mu takarda zuwa babbar likita ta Maraɗi. Can aka auna nauyina, aka ɗebi jinina, lokotoro ya saurari ƙirjina. Ya tambayi baba ko ina shan wani magani, ko da na gargajiya ne. Baba ya sa hannu ga takardar yarda. Sannan aka ce kada in ci kome awa 6 kafin aiki.

Da asuba kaka ta dama fura. Ta ce: "Jikana, kurɓi kaɗan, ka samu ƙarfi." Baba ya ce: "Inna, ki yi haƙuri. An hana." Ya gaya mata dalili. In maganin barci ya kama mutum, ba ya iya tari. Abin da ke cikinshi yana iya tasowa ya faɗa huhu, numfashi ya tsaya. Kaka ta rufe ƙwaryarta.

A ɗakin aiki aka sa mini ƙarin ruwa a hannu. Barci ya ɗauke ni, ban ji kome ba. Mutum guda yana tsaye wajen kaina, aikinshi lura da numfashina da bugun zuciyata. Kafin 1846, lokacin da aka nuna amfanin maganin barci a Boston ta Amurka, ido biyu ake yanka mutane.

Na farka da ƙishi da zafi a wurin ɗinki. Sai da aka ba da izini na sha ruwa. Wanshekare aka sa ni tafiya sannu-sannu. Aka ce in miki ya yi ruwa ko jiki ya yi zafi, mu komo maza. Bayan mako guda aka cire zare.

Yara, in za a yi wa wani naku aiki, ku bayyana wa manya dalilin hana abinci. Wanda ya san dalili ba ya ba da fura a ɓoye.